Harsa: Farin Yadi Marar Nauyi

Ran Talata, in mun shiga kasuwar Mafara, mukan ga fararen yadudduka jere a rumfunan 'yan koli. Akwai alawayyo, akwai akoko. Akwai kuma wani mai laushi, shara-shara, wanda malamai da sarakuna ke naɗa rawani da shi. Shi ne harsa. Da auduga ake saƙa shi, irin wadda muke nomawa a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun.

Me ya sa ba shi da nauyi? Sirrin yana ga zare. In zare ya yi siriri ƙwarai, aka kuma saƙa shi ba a matse ba, sai iska ta riƙa ratsa tufar. Don haka ya dace da ƙasarmu mai zafi. Yana tsotse gumi, yana bushewa da sauri.

Turawa suna kiran irin wannan yadi musilin, watau daga sunan birnin Mausil na ƙasar Iraƙi. Amma mafi kyawunsa a Daka aka saƙa shi, babban birnin Bangaladash na yau. Can akwai wata irin auduga da ke fita a bakin kogin Megna. Da sassafe mata ke kaɗinta, lokacin da akwai laima, don kada zaren ya tsinke. Har akan zura turmi guda ta cikin zobe saboda rashin kaurinsa. Sarakunan Indiya su ne manyan masu sayensa. Da injunan saƙa na Ingila suka yi ƙarfi bayan shekarar 1800, sai yadinsu mai araha ya cika kasuwa, masaƙan Daka suka rasa ciniki, sana'ar ta durƙushe.

Mu ma muna da tamu saƙar tun kaka da kakanni. Mata su gurje auduga su fid da angurya, su shiɓe ta, su yi kaɗi da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna yana jefa ƙoshiya. A 1851 Bature Barth ya zo Kano, ya tarar ana kai tufafinta har Tambutu. Garin Kura kuwa ya shahara da turkuɗi, siririn saƙi mai baba wanda Buzaye ke rufe fuska da shi. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka riƙa kwasar audugarmu ana kai ta waje. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar inji a Kaduna. Yau yawancin irin waɗannan masaƙu sun rufe, yadin da muke saye kuwa galibi daga waje yake zuwa.

Amfanin harsa bai tsaya ga rawani ba. Mata suna yin mayafi da shi, suna tace gasarar koko da kunu. Ana lulluɓe jariri da shi don kada ƙuda su dame shi. Bandejin asibiti ma ɗan'uwansa ne.

Ga wani babban amfani kuma, tace ruwan sha. Ruwan tafki da na rafi yana ɗauke da 'yan ƙananan ƙwari. Su ne ke kawo kurkunu. Tace ruwa da ƙyalle yana cikin dabarun da suka kori wannan cuta, har aka tabbatar a 2013 cewa babu ita a Nijeriya. A Bangaladash an gwada, an ga ƙauyukan da ke tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu, cutar amai da gudawa ta ragu musu kusan rabi.

To, ga yadda za mu yi. Mu sami ƙyalle mai tsabta, mu ninka shi huɗu, mu ɗaure a bakin tulu, sa'an nan mu zuba ruwa. In mun gama mu wanke shi, mu shanya a rana. In da hali mu tafasa ruwan, don ƙyalle ba ya tare dukan ƙwayoyin cuta. Rigakafi ya fi magani.

Kuma in akwai tsohuwa mai kaɗi a gidanmu, mu tura 'yan mata su koya tun tana da rai. Allah ya sa mu dace.