Littafi, Gwangwani ko Waya: Wanne Ya Dace da Ke?

'Yar'uwa, kuɗin da ba a lissafinsa zurarewa yake yi. Ranar zubi ta zo, ki kwance haɓar zane ki ga wayam.

Idan kin iya rubutu, boko ko ajami, ki sayi ƙaramin littafi. Kullum da dare ki rubuta abin da ya fita: cefane, niƙa, sabulu, magani.

Idan ba ki iya ba, ki samu gwangwani uku: na cefane, na jari, na zubi. Kada ki taɓa na jari don kayan miya.

Manhajar waya kan haɗa lissafi da kanta, amma sai da babbar waya da caji. Duk wadda ta nemi lambar sirrinki ta banki, ki guje ta.

Ki zaɓi hanyar da za ki iya riƙewa kullum.