Kilafuti: Gashin Ƙauyen Faransa Da Ya Dace Da Inabin Kudan

Idan hunturu ya kankama a arewacin Jihar Kaduna, gonakin inabi na Ƙaramar Hukumar Kudan sukan cika da hada-hada. Rumfunan da manoma suka kafa da turaku da waya sun yi nauyi da nonnan inabi, ga dillalai daga Zariya da Kano da Abuja suna ciniki, ga yara suna jera kaya a kwali. Shekarun baya, duk wanda ya ga inabi a kanti ya san daga waje ya zo, galibi daga Afirka ta Kudu ko Masar. Yau sunan Kudan da hedkwatarta Hunkuyi ne ke fara zuwa baki idan ana maganar noman inabi a Nijeriya.

Sai dai dillali zaɓe yake yi. Nonon da ya cika ya yi kyan gani shi ke shiga mota. 'Ya'yan da suka zube daga jikin nono, da ƙanana, da waɗanda suka nuna sosai har ba za su jure tafiya ba, su ake bari a baya, kuma sau da yawa sun fi na cikin kwalin zaƙi. Kwana kaɗan a zafin rana sun lalace. Irin wannan matsala ce ta sa matan ƙauyukan tsakiyar Faransa suka ƙware a wani gashi mai sauƙi da suke kira kilafuti.

Asalinsa yankin Limuzan ne, ƙasar makiyaya da ta yi suna da jajayen shanunta, wadda babban birninta Limoj ya shahara da ƙera tangaran. A farkon bazararsu itatuwan ceri kan zubo da 'ya'ya gaba ɗaya, baƙaƙe ƙanana, fiye da yadda gida zai iya cinyewa. Sai uwargida ta shafa wa kasko mai, ta zuba 'ya'yan, ta kwarara musu kwaɓin ƙwai da madara da fulawa, ta tura cikin tanda bayan an kwashe burodi. A ƙarni na 19 girkin ya bazu zuwa sauran sassan Faransa. Amurkawa da dama kuma sun san shi ne ta littafin girkin Faransa da Julia Child da abokan aikinta biyu suka wallafa a 1961. Mutanen Limuzan ba sa cire ƙwallon ceri, suna cewa shi ke ba gashin ƙamshi. Idan kuma an yi shi da wasu 'ya'yan itace, kamar tuffa ko inabi, sukan kira shi fulonyad, amma kwaɓin ɗaya ne.

Abin da ya sa wannan gashi ya dace da ƙasar Zazzau shi ne kusan duk kayan haɗinsa suna nan a gida. Inabi daga Kudan. Madara da man shanu daga ƙwaryar matan Fulani. Ƙwai daga akurki, na kaza ko na zabo idan damina ce. Zaƙi kuwa, Makarfi ce cibiyar rake da mazarƙwaila, wadda ake lodinta zuwa kasuwannin ƙasar nan. Fulawa ce babban abin da za a saya a kanti, ita ma gwangwani ɗaya ya wadatar. Ba a sa yis, ba a sa bakin hoda, ba a buƙatar injin bugawa. Wasu Faransawa kan ɗiga barasa a kwaɓin don ƙamshi, amma ba ta cikin ginshiƙan girkin, kuma kirfa ko gyaɗar ƙamshi ko filebo sun isa.

Ga awon da zai ishi mutum shida, da gwangwanin madara na ruwa a matsayin ma'auni: inabi rabin kilo, ƙwai 3, madara gwangwani 2, fulawa gwangwani 1, sukari rabin gwangwani, narkakken man shanu cokali 2, da ɗan gishiri a bakin yatsu.

Da inabin ake farawa. A tsinke 'ya'yan, a zubar da duk wanda ya fara tsami ko ya yi fumfuna, a wanke sosai, a baza a kan tsumma mai tsabta su bushe. Wannan shanyawa tana da muhimmanci, domin kusan kashi 80 cikin 100 na inabi ruwa ne, kuma duk ruwan da aka ƙara zai hana gashin kama jikinsa. Idan mai ƙwallo ne, a raba kowane ɗa biyu a cire, don ƙwallon inabi ɗaci gare shi. Marar ƙwallo a bar shi yadda yake, zai fashe da kansa a wuta.

Sannan a fasa ƙwai a kwano, a zuba sukari da gishiri, a kaɗa da maburgi har su haɗe. A riƙa barbaɗa fulawa kaɗan-kaɗan ana juyawa, sai madara, sai man shanu a ƙarshe. Kwaɓin ya fito ruwa-ruwa kamar na wainar fulawa, ba gudaji. Idan an ga gudaji a tace da rariya. A ajiye shi ya huta minti 20 zuwa 30, fulawar ta sha ruwa.

Akwai wuraren da mai girki a nan za ta kula. Madarar shanu sabuwar tatsa a tafasa ta tukuna, a bari ta huce, don zafinta zai dafa ƙwan tun a kwano. Man shanun da aka soya da albasa na tuwo ne, a nan sai sabo. Wadda ta zaɓi mazarƙwaila a madadin sukari ta daka ta, ta narkar a ɗan ruwan ɗumi, ta tace saboda tsakuwa, sannan ta rage madara daidai ruwan da ta ƙara. Gashin zai yi duhu, ya ɗauki ƙamshin rake.

A shafa wa faffaɗan kwanon gashi mai, a barbaɗa sukari kaɗan, a jera inabi har ya rufe ƙasan kwanon, a kwarara kwaɓi a kai. Kada zurfinsa ya wuce gaɓar yatsa biyu. Mai oba ta sa ma'aunin zafi a 180, ta gasa minti 35 zuwa 40.

Rashin oba ba ya hana komai. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi ya yi zafi kamar minti 15, a zaunar da kwanon a kan yashin, a rufe da murfin ƙarfe, a jera garwashi a bisansa. Wutar ƙasa ta zama kaɗan, ta sama ta fi yawa, don gindin ba ya son ƙuna. Kada a buɗe kafin minti 25. In ya nuna za a ga gefensa ya kumbura ya yi ja, ruwan inabi ya tsattsafo ya rina kewayen kowane ɗa, tsakiyar tana ɗan rawa idan an girgiza kwanon. A soka wuƙa, in ta fito ba ɗanyen kwaɓi a sauke. Da ya sha iska zai saɓe, kuma haka ake so, domin tururi da ƙwai ne suka ɗaga shi. Da ɗuminsa ake ci, da cokali, daga cikin kwanon.

Inabi na wucewa ba a rasa madadi. Sitiroberi da ake nomawa a Chaha kusa da Vom a Jihar Filato yana shigowa kasuwa a hunturu shi ma, amma ya fi inabi ruwa, don haka a yanka shi a barbaɗa masa fulawa kafin a jera. Da bazara mangwaro marar zare yana yi, haka ayaba da abarba.

Mutanen ƙasar Zazzau sun daɗe da sanin asarar kayan gwari. Ita ce ta sa aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981, ita ce kuma ke sa manoma yanka tumatir su shanya kauɗa idan kasuwa ta faɗi. Kilafuti ba ajiya ba ne, tunda akwai ƙwai da madara a ciki, kuma inda babu firij a ranar ya kamata a cinye shi. Amfaninsa shi ne yana mai da inabin da dillali ya bari abin marmari na gida, ko abin sayarwa. Matan da ke yin kek da cincin da dubulan na biki a Hunkuyi da Makarfi da Ikara suna da kwanukan da tukwanen tun tuni. Idan aka zuba kwaɓin a ƙananan gwangwanayen kek, da 'ya'yan inabi huɗu ko biyar a kowanne, minti 20 ya ishe shi nuna.