Buɗaɗɗiyar Manhaja da Tsofaffin Kwamfutocin Makarantunmu

Ɗalibin sakandare da ke Kiru ko Bebeji, ko wanda ke can cikin Tudun Wada da Doguwa a kan hanyar da ta rabu daga Kwanar Dangora ta nufi Jos, jarrabawa ɗaya ce ke jiransa da takwaransa na cikin birnin Kano. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta zalla, saboda haka yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, tambayoyi biyu yake fama da su a lokaci guda: ta kan allo da ta yadda zai sarrafa na'urar. Kwamfutocin da makarantunmu ke iya mallaka kuwa galibi na hannu ne, irin waɗanda ake sayowa a Titin Beirut ko Farm Centre. Ga shi kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon inji, abin da yawancin tsofaffin na'urori ba su da shi. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata mafita da ta daɗe a duniya, wato buɗaɗɗiyar manhaja.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kwamfuta gangar jiki ce, manhaja ita ce umarnin da ke motsa ta. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wanda masana suka tsara da wani harshe na musamman kafin a juya shi zuwa abin da na'ura ke fahimta. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye wannan rubutu, su sayar wa mutum izinin amfani kawai. A shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba wa wasu. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta zuciyar babbar manhajar da aka sa wa suna Linux. Haɗuwar ayyukan nan biyu ita ta haifar da abin da muke magana a kansa.

Ɗan manomi zai fi kowa saurin gane bambancin. Irin dawar gida, manomi yana ware zangarniya mai kyau, ya adana, ya shuka baɗi, ya sammaka wa maƙwabci. Irin masara na haibirid kuwa yana bayar da yabanya mai kyau a shekarar farko, amma idan aka sake shuka 'ya'yansa sai halayen su warwatse, kamar yadda ƙa'idar Mendel ta nuna, dole a koma wurin mai sayarwa. Kowanne yana da amfaninsa, sai dai wanda aljihunsa bai da nauyi ya san wanne ne ke hannunsa.

Akwai kuma darasi na biyu daga ilimin halittu. A 1970 wata cutar ganye ta auka wa masara a Amurka, ta hallaka kimanin kashi 15 cikin ɗari na amfanin shekarar, domin mafi yawan gonakin irin da ke cikinsu tsatsonsa ɗaya ne, rauninsa ma ɗaya. Haka aka gani a watan Mayu na 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Waɗanda ta kama su ne masu Windows da ba a sabunta ba. Ke nan kwamfutar da aka daina aiko mata da gyaran tsaro tamkar yaron da aka daina yi wa rigakafi ce, balle a ce da ma manhajar da ke kanta ta sata ce, irin wadda ake ɗorawa a shago ba lasisi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da nata ciwon. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa wani aiki a na'urarsa yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an cusa ƙofar ɓarayi a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wanda ya cusa ta kuwa ya shafe wajen shekara biyu yana taimako har aka amince da shi. An toshe ƙofar kafin ta bazu. Abin lura shi ne, da rubutun a ɓoye yake, da zai yi wuya mutumin waje ya kai ga tushen matsalar.

Wacce za a zaɓa?

Linux ba guda ɗaya ba ce, dangi ne. Debian ta fara a 1993. Daga gare ta Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a 2004, sunan kuwa daga harsunan Zulu da Kosa yake, ma'anarsa ta yi kusa da mutuntaka. Lambar kowace fitowa tana nuna shekara da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da wadda ake kula da ita har shekara biyar, kuma irinta ce ta dace da makaranta, don malami ba shi da lokacin sauye-sauye duk wata shida. A ganina Linux Mint ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows, domin fuskarsu ta yi kama. Mint 22 ta fito a Yulin 2024, za a ci gaba da kula da ita zuwa 2029, kuma tana iya tashi a na'ura mai ram gigabait 2, ko da yake 4 ya fi. Idan na'urar ta tsufa ainun, a ɗauki samfurinta mai fuskar Xfce, wanda ba shi da nauyi.

Tare da ita ake samun LibreOffice, wadda wata gidauniya mai zaman kanta ke kula da ita tun 2010, mai ɗauke da manhajar rubutu da ta lissafin maki da ta gabatar da darasi. Tana buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, saboda haka takardar da za a kai shagon buga takardu gara a mayar da ita PDF. Wasu manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa kuma a kan Windows kaɗai suke aiki, CorelDraw ma ba ta da samfurin Linux. Makarantar da ta dogara da su sai ta bar na'ura ɗaya ko biyu yadda suke.

Yadda ake ɗorawa

Kafin komai a kwashe duk wani abu mai muhimmanci, musamman sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai, a ajiye a wani wuri dabam. Wanda ya tsallake wannan mataki, kuka ba zai dawo masa da su ba. Daga nan a sauko da kunshin manhajar daga shafin masu ita na asali. Na Mint ya kai kimanin gigabait 3, abin da zai ci data, amma sau ɗaya ne: malami guda zai iya saukowa a inda sabis ke da ƙarfi, a kwafa wa makarantu goma, kuma lasisin ya halatta hakan. Ana shirya filashi mai gigabait 8 da wata ƙaramar manhaja irin su Rufus ko Ventoy, tare da sanin cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge.

Sai a soka filashin, a kunna na'ura, a riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda galibi F12 ne a Dell da Lenovo, F9 kuma a HP. Manhajar za ta tashi daga kan filashin ba tare da ta taɓa komai na cikin kwamfutar ba. A nan ne ya kamata a yi haƙuri a gwada sauti, a gwada intanet, a jona firinta a buga shafi ɗaya. Idan komai ya yi, sai a zaɓa: ko a ajiye ta gefe guda da Windows, ko a share faifan ajiya gaba ɗaya. Kada a soma wannan aiki a kan wutar da ba a da tabbas a kanta. A cika batir, ko a tayar da janareta, ko a bari sai rana ta take idan sola ce, domin yankewar wuta a tsakiyar rabon faifai na iya lalata abin da ke kai. Lokacin hunturu kuma a share ƙurar da ta toshe fanka, ita ce ke sa na'ura zafi ta mutu ana cikin aiki. A ƙarshe a buɗe wa ɗalibai asusu dabam wanda ba shi da ikon sauya komai, kalmar sirrin shugaba ta zauna wurin malamai biyu.

Abin da malamin kimiyya zai samu

Nan ne ribar take. Akwai manhajar ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a 1997 daga cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, kuma har gobe masu bincike na auna ƙwayoyin halitta da ita. Ɗan aji biyar zai iya aiki da ita a mako guda. Alal misali, a ɗebo ganyen masara daga gonaki biyu, wadda aka yi wa feshi da wadda ba a yi wa ba, a lokacin ɓarnar tsutsar nan 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda aka fara ganinta a Nijeriya a 2016. A shimfiɗa kowane ganye a kan farar takarda, a ajiye rula a gefensa, a ɗauki hoto da waya daga sama sosai ba a karkace ba. A cikin manhajar sai a ja layi a kan rular, a shaida mata cewa wannan tsawon santimita goma ne. Daga nan za ta iya faɗin girman ganyen da girman ramukan da tsutsa ta ci. A raba na biyu da na farko, a ninka da ɗari, an sami kason ɓarna. Ganye ɗaya ba hujja ba ne, sai an auna ashirin ko talatin daga kowace gona an fitar da matsakaici, kuma a nan ne ɗalibi zai gane dalilin da ya sa ake maimaita gwaji fiye da yadda zai gane shi daga allo.

Da QGIS malamin labarin ƙasa zai iya zana taswirar dajin Falgore ko madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Stellarium tana nuna taurarin samaniyar garinku a kowane dare aka zaɓa, har a ga watan da Kaza da 'ya'yanta ke fitowa da asuba. Kiwix kuwa tana ba da damar a ajiye Wikipedia a cikin na'ura a karanta ba intanet.

Hausa a cikin wannan aiki

An taɓa gwada irin wannan a ƙasarmu. A 2007 shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta ya raba ƙananan na'urori masu Linux a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, amma abin bai yaɗu ba. Raba na'ura abu ne mai sauƙi, samar da malamin da zai kula da ita da wutar da za ta ci shi ne aikin.

Masu raya waɗannan manhajoji da yawansu 'yan sa kai ne, kuma ba sai wanda ya iya rubutun na'ura ke taimakawa ba. A cikin jerin madannan Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya, wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a shiga saiti a zaɓe shi, a kuma yi amfani da salon haruffa irin su Charis ko Andika, waɗanda ke nuna masu lanƙwasa daidai. Malamin Hausa zai iya shiga aikin fassara kalmomin LibreOffice. Gidauniyar Mozilla ma tana da shirin Common Voice tun 2017, inda ake tara muryoyin jama'a domin koya wa na'ura jin magana, Hausa kuma tana cikin harsunan. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya karanta gajerun jimloli da wayarsa, ko ya saurari na wasu ya tabbatar an karanta su daidai.