Gane Nauyin Aikin Matuƙin Helikwafta Daga Motsin Hannunsa

Jirgi mai saukar ungulu, watau helikwafta, yana bukatar gyara daga matuƙi kowane lokaci. Sandar da ke hannunsa na dama ita ke karkata jirgin gaba, baya ko gefe. Ta hagu ita ke ɗaga shi ko saukar da shi. Ƙafafunsa kuwa suna kan matakai biyu masu juya hancin jirgin. In ya taɓa ɗaya, tilas ya gyara sauran.

Tun da daɗewa masana ke neman hanyar sanin lokacin da wannan aiki ya fi ƙarfin mutum. A 1969 wasu Amurkawa biyu, Cooper da Harper, suka fitar da ma'auni daga 1 zuwa 10, wanda matuƙi ke amfani da shi ya faɗi wuyar sarrafa jirgin. Sai dai wannan shaida ce ta baki, kuma sai an gama aikin ake samunta.

Saboda haka aka koma duban sandunan kansu. Na'ura tana rubuta kowane motsi: yawansa, girmansa, da saurinsa. Idan iska ta kwanta, kuma matuƙi yana ganin ƙasa sarai, gyaransa kaɗan ne, a hankali. Idan gani ya ragu ko iska ta rikice, sai motsin ya yawaita, ya yi kaifi. Kwamfuta takan gwada wannan rubutu da makin da matuƙa suka bayar, har ta iya kintata nauyin aiki daga motsi kaɗai. Amma ba ta ganin aikin ƙwaƙwalwa, kamar sauraron rediyo da neman hanya.

Haɗarin Kabba, a Jihar Kogi, ya nuna muhimmancin wannan. Ranar 2 ga Fabrairu, 2019, jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya faɗi wajen sauka. Masu bincike sun ce ƙurar da fukafukan jirgin suka tayar ce ta rufe wa matuƙa gani. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Irin wannan ƙura tana samuwa da rani a filayen Samaru Kataf da Kafanchan, ga hazon hunturu, ga kuma iskar da kan rikice kusa da duwatsun Kagoro. Jama'a na da rawar takawa. In an sanar jirgi zai sauka, a yayyafa wa filin ruwa, a kwashe leda da tsummoki da guntun kwano, a kore dabbobi. A tsaya nesa, a riƙe yara, kuma kada kowa ya kusanci wutsiyar jirgin. Sai matuƙi ya ba da izini za a matso, ta inda yake ganin mutum.