Tarwaɗar Kogi da Tarwaɗar Kiwo

Mu mutanen Durba mun san tarwaɗa iri biyu. Akwai wadda masunta ke kamowa a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama ginawa cikin 1974. Akwai kuma wadda ake kiwo a tanki. Asalinsu ɗaya, amma wajen haihuwa sun bambanta.

Ta kogi ba ta zuba ƙwai sai da damina. In ruwa ya ƙaru ya malale ciyawar gefe, sai ƙwaƙwalwarta ta aika wa ciki saƙo. Sa'an nan ƙwan ya nuna, ta zuba shi cikin ciyawa.

Ta tanki kuwa ba ta ganin ambaliya. Cikinta yakan cika da ƙwai, amma saƙon ba ya zuwa. Don haka masu ƙyanƙyasa sukan yi mata allura. Bayan kamar awa 12 sai su tatse ƙwan, su yanka namiji, su gauraya da maniyyinsa. Kashegari ƙwan ya ƙyanƙyashe.

To, jama'a, kada mu zuba manya a tanki muna jiran 'ya'ya. Abinci za su cinye, kuɗinmu su salwanta. Mu sayi 'ya'yan kifi wurin masu ƙyanƙyasa.