Take a Fada da Take a Fim

Ku zaɓi wani wuri mai ban tsoro a cikin fim, ku kashe murya, ku kalla. Za ku ga mutum yana tafiya a hankali cikin duhu, ya kama ƙofa, ya leƙa, shi ke nan. Ku mayar da murya ku sake kallon wurin, sai ku ji gabanku yana faɗuwa tun kafin hannunsa ya kai ga ƙofar. Hoton yana nan yadda yake, kiɗa ne kawai ya shigo. Wannan darasi zai nuna muku yadda ake sauraron irin wannan kiɗa, da yadda ake kwatanta na wani fim da na wani.

Da farko sai mu raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai waƙar fim, wadda ake tsayar da labari domin a rera ta, sau da yawa har da rawa. Akwai kuma kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana da motsi, wanda 'yan wasan da ke cikin labarin ba sa jin sa, mai kallo kaɗai aka yi wa shi. Wannan na biyu za mu kira shi kiɗan rakiya, domin raka labari yake yi, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

Kafin mu je ƙasashen waje, akwai kalmar da ya kamata ku riƙe, wato take. Take shi ne gajeren kiɗa ko busa da aka keɓe wa wani mutum, ko wata sarauta, ko wata sana'a, wanda da an ji shi an san da wa ake. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a nan Kontagora ya san cewa kafin ido ya ga Mai Martaba Sarkin Sudan, kunne ya riga ya sami labari daga kakaki da algaita da ganguna. Mahauta suna da kiɗansu na kalangu. Ɗan dambe yana zaune a gefen fili, da ya ji an kaɗa takensa sai tsuma ta kama shi, ya miƙe. Daga wannan ma'ana ce muka sami taken ƙasa, da taken shirin rediyo. Abin lura shi ne take ba ya bukatar kalmomi. Sautin kaɗai ya isa ya kira suna.

Da wannan dabara masu tsara kiɗan manyan finafinan duniya suke aiki. Sun gaje ta daga wasannin waƙe na Turai, musamman ayyukan Richard Wagner, mutumin Jamus da ya rayu daga 1813 zuwa 1883, wanda yakan ba mutane da abubuwa har ma da tunani nasu take. Da finafinai suka fara magana a ƙarshen shekarun 1920, sai irin su Max Steiner suka ɗauko dabarar zuwa Amurka. Kiɗan da Steiner ya yi wa fim ɗin King Kong a 1933 yana cikin na farko-farko da suka nuna abin da kiɗan rakiya zai iya yi.

Kayan aikin irin waɗannan mutane shi ne okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa da kan kai mutum 70 zuwa 100, suna zaune a jere, kowa da takardar kiɗa a gabansa, jagora ɗaya yana tsaye yana ba su umarni da hannu. Kada yawansu ya ruɗe ku. Kayan nasu sun kasu kamar yadda namu suka kasu. Akwai masu tsirkiya, dangin goge da kukuma, daga ƙarami mai siririyar murya zuwa ƙato da sai an tsaya ake goga shi. Akwai na busa masu taushi, dangin sarewa da algaita. Akwai na busa na tagulla, dangin kakaki da begila. Sannan akwai na bugawa, dangin tambari da kuge. Idan kun iya bambance muryar goge da ta algaita a gidan biki, to za ku iya bambance su a fim.

Ga misali mafi sauƙi. A 1975 John Williams ya tsara kiɗan fim ɗin Jaws, labarin wani ƙaton kifi da ke cin masu wanka a bakin teku. Taken da ya ba kifin sauti biyu ne kacal, masu kauri, ɗaya na bin ɗaya. Sukan fara a hankali, da tazara a tsakaninsu, sai su yi ta matsowa suna sauri kamar bugun zuciyar wanda ya tsorata. A yawancin farkon fim ɗin ba a nuna kifin, takensa ake ji. Akwai ma wani wuri da yara biyu suka yi wasa da ƙiren jabu suka firgita jama'a, kuma a wurin ba a kaɗa taken ba. Kiɗan bai yi wa mai kallo ƙarya ba, mai kunne ya gane tun da wuri cewa kifin ba ya nan.

Ku ajiye wannan kusa da aikin Bernard Herrmann a fim ɗin Psycho na 1960. Shi ma tsoro yake son sa wa mutane, amma ya bi wata hanya. Ya ajiye kayan busa da ganguna gaba ɗaya, ya yi aiki da dangin goge kaɗai. A wurin da aka kai wa wata mata hari a banɗaki, gogunan sun yi ta ƙara da siririyar murya mai kaifi, kamar ihu. Alfred Hitchcock, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, da farko ya so a bar wurin ba kiɗa, amma da ya ji abin da Herrmann ya tsara sai ya sauya ra'ayi. To kun ga kwatanci ya samu. Williams ya sauka ƙasa da sauti mai kauri, yana gaya muku cewa wani abu yana zuwa. Herrmann ya hau sama da sauti mai tsini, yana gaya muku cewa abin ya riga ya iso. A ganina na Williams ya fi daɗewa a zuciya, domin jiran masifa ya fi ganinta wahala, amma kuna iya saɓa mini idan kuna da hujja.

Williams ɗin nan ne kuma ya yi kiɗan Star Wars na 1977, inda manyan mutanen labarin suka sami nasu take, kuma kayan busa na tagulla suka yi aikin da kakaki yake yi a ƙofar fada. Iyayenku kuwa wataƙila sun fi sanin aikin Maurice Jarre, mutumin Faransa, ko da ba su san sunansa ba. Shi ya tsara kiɗan The Message na 1976 da na Lion of the Desert, labarin Umar Mukhtar na Libiya, finafinai biyu na Mustapha Akkad da aka daɗe ana kallo a gidajen ƙasar Hausa. Ku lura da yadda yake jan sauti da tsawo idan an nuna faɗin hamada.

A Indiya lissafin ya bambanta. Can waƙa ce uwa, kiɗan rakiya kuma yakan tsiro daga jikinta. Masu tsara kiɗa irin su Naushad, wanda ya yi na Mother India a 1957, sun haɗa tarin gogunan Turai da kayan kiɗan gida irin su sita da tabla da sarewar gora, mawaƙa irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suna rerawa, 'yan wasa suna motsa baki. Sau da yawa waƙar da aka rera cikin murna a farkon fim takan dawo a ƙarshe a hankali, ba kalmomi, a lokacin baƙin ciki. Ta zama take ke nan. A fim ɗin Sholay na 1975, wanda R. D. Burman ya yi wa kiɗa, akwai ɗan abin busa na baki da Amitabh Bachchan yake busawa da dare yayin da wata bazawara ke kashe fitilun gida. Su biyun ba su cika magana ba, busar ce ke faɗin abin da ke ransu.

Gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa sun shafe shekaru masu yawa suna nuna finafinan Indiya, don haka da finafinan Hausa na bidiyo suka fara, daga Turmin Danya na 1990, ba da daɗewa ba suka rungumi tsarin waƙa da rawa. Sai dai Kano ba ta da okestira. Abin da take da shi shi ne fiyano na lantarki, galibi ƙirar Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a ɗakin ɗaukar sauti ya fitar da muryar ganga da sarewa da goge daga cikinsa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya yi farin jini ƙwarai, kuma waƙoƙinsa suna cikin dalilan haka. Wannan hanya tana da araha da sauri, ta kuma buɗe wa matasa da yawa ƙofar sana'a. Amma tana da nakasu da mai saurare na gaskiya zai lura da shi. Ƙarfin da aka sa a waƙa bai cika kaiwa ga kiɗan rakiya ba. A tsofaffin finafinai da dama za ku ji kiɗan kuka iri ɗaya a kowane wurin baƙin ciki, ko mutuwa aka yi ko saki, wani lokaci ma har ya danne maganar 'yan wasa. Finafinai masu dogon zango na shekarun nan, irin su Kwana Casa'in da Labarina da tashar Arewa24 ta nuna, sun fi kula da wannan fage, kuma ya dace ku saurare su da kunnen mai kwatanci.

Akwai fim ɗaya da ya kamata ya ba masu shirya finafinanmu tunani. Lokacin da aka ba Ludwig Göransson, mutumin Suwidin, aikin kiɗan Black Panther na 2018, sai ya tafi Sanigal, ya bi mawaƙin nan Baaba Maal, wanda ke waƙa da Fulatanci, yana saurare yana ɗaukar sauti. Ga sarkin labarin, T'Challa, ya zaɓi ƙaramar ganga mai suna tama, wadda ake matsewa a hammata, 'yar'uwar kalangunmu, kuma gangar tana furta sunan sarkin. Ga abokin gabansa ya zaɓi sarewar Fulani. Sannan ya ɗora okestira a kansu, kuma aikin ya ci lambar Oscar a 2019. Wato kayan kiɗan da muke ji a gidan biki da wajen kiwo su aka ɗauka aka kai gaban duniya.

Ta yaya ganga take furta suna? A nan darasin kiɗa ya haɗu da darasin harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna sauya ma'ana. Kalmar baba da ke nufin uba da baba da ake rini da shi rubutunsu ɗaya, kari ne ya raba su. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiyoyin gangarsa sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, ta haka yake kwaikwayon karin magana. Waɗanda harshen gidansu Nufanci ne ko Gwaranci ko Yarbanci sun san wannan, domin nasu harsunan ma haka suke. Kunnen da ya saba rarrabe ma'ana ta hawa da saukar murya ya riga ya sami horon da sauraron kiɗan fim yake bukata.

Idan za ku kwatanta kiɗan finafinai biyu, ku ɗauki wurare masu kama da juna, kamar rabuwa da rabuwa, ko fitowar sarki da fitowar sarki, domin ba a auna gero da ma'aunin mai. Ku tambayi kanku wane kayan kiɗa ne a gaba, kuma me ya sa aka zaɓe shi. Ku lura ko akwai take, na wane ne, kuma ko ya sauya kama daga farkon fim zuwa ƙarshe. Mafi muhimmanci, ku lura da daidai lokacin da kiɗa ya shigo da lokacin da ya ɗauke. Gwani yakan bar wuri tsit a inda ɗan koyo zai cika shi da ƙara. Kada kuma ku tsaya ga cewa kiɗa ya yi daɗi ko bai yi ba. Hausa tana da kalmomi isassu: sauti yana da kauri ko zaƙi ko kaifi, yana da amo, yana tashi, yana lafawa, yana ja, yana katsewa. Akwai kuma amsa-kama, kamar a ce ganga ta ɗauke ɗif, ko ɗaki ya yi tsit.

Aikinku na wannan mako shi ne ku zaɓi fim ɗin Hausa ɗaya da na wata ƙasa ɗaya. Ku nemo wuri mai kama da juna a cikinsu wanda bai wuce minti 3 ba. Ku saurari kowanne sau biyu da idanu a rufe, sannan ku kalla. Ku rubuta sakin layi biyu da Hausa kuna bayyana abin da kuka ji, ku ambaci sunan aƙalla kayan kiɗa 2, ku kuma faɗi wanne ya fi yi wa labarinsa hidima da dalilinku. Wanda ba shi da hanyar kallon fim a gida sai ya tambayi wani makaɗi ko dattijo a unguwarsu taken wata sarauta ko sana'a, ya rubuto mana lokacin da ake kaɗa shi da abin da mutane suke yi idan sun ji.