Kwalbar Wiski a Bakin Iyaka: Gaskiya ko Jita-jita?

Wanda ya tashi daga Illo ya bi ta Lolo ya faɗa Malanbil, ko ta Tsamiya ya shiga Segbana, zai ga kwalaben wiski a jere a kanti, a fili, abin da ba ya gani a garinsu. Shi ya sa hirarta ba ta ƙarewa a bakin 'yan acaɓa da direbobi, har da waɗanda ba su taɓa kurɓa ba. Musulmi ya san hukuncinta, ba sai na maimaita ba. Maganganun da ke yawo a kanta su ne nake son mu auna.

Wasu matasa na ɗauka dokar Shari'a ta 2000 ce ta fara toshe wa barasa hanya a Kebbi. Jita-jita ce. Tun a 1890 yarjejeniyar Burasel ta hana shigo da barasar Turai yankuna irin namu, Gwamna Lugga kuma ya aiwatar da haramcin a Arewa. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu a 1898, Illo ta faɗo hannun Ingila, Nikki ta tafi Dahomi ta hannun Faransa. Bambancin tsallaken biyu ya girmi kakanninmu.

Sai batun singil molt, wanda masu fafa ke kira sarkin wiski, wai duk kwalbar da aka rubuta mata haka ta masu kuɗi ce. A dokar da aka kafa wa wiskin Sikotland a 2009, sunan bayanin aiki ne kawai: an yi ta a masana'anta guda, da ruwa da tsiron sha'ir zalla, an tace ta a tukunya, ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako, ƙarfinta bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Tsiron nan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin haka ake jiƙa dawa ta tsira kafin a dafa burkutu. Dokar ba ta ce uffan a kan daɗi ko tsada ba. Glenfiddich mai shekara 12 singil molt ce da ake sayarwa a kantuna ko'ina a duniya. Macallan ta 1926, wadda aka yi gwanjonta a Landan a 2023 kan fam miliyan 2 da ɗoriya, ita ma haka. Mai sayen irin ta biyun ƙarancinta ya saya, galibi ma ba zai buɗe ba.

"Duba kalarta, ta yi jawur, ai ta tsufa." Nan ake cin kasuwar mutane. Wiski fara ƙal take fitowa daga tukunya, ganga ce ke rina ta, kuma gangar da ta taɓa ɗaukar jan ruwan inabi tana rini da sauri fiye da wata. Ƙari a kan haka, doka ta yarda a ɗiga mata ƙonannen sukari don launi ya daidaita. Mai shekara 5 tana iya fin mai shekara 18 duhu. Lambar da ke jikin kwalba kuwa shekarun mafi ƙuruciyar wiskin da aka haɗa a ciki take nunawa, kuma lissafi yana tsayawa ranar da aka ɗura. Ko ta yi shekara 20 a ƙarƙashin gado, mai 12 tana nan mai 12. Gaskiyar da ke cikin zancen tsufa ita ce tsadar: ganga tana asarar wajen kashi 2 cikin ɗari kowace shekara ta hanyar tururi, ga kuɗin ajiya.

Masu cewa wiski tana maganin sanyin hunturu a bakin Kwara, jikinsu ne ke ruɗinsu. Barasa tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi, alhali zafin cikinsa fita yake yi. Masuncin da ya dogara da ita cikin dare a kan ruwa ya ƙara wa kansa haɗari. Zancen "ɗan kaɗan yana gyara zuciya" ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babu wani adadin barasa da za a kira marar illa.

Abin da ya fi damuna shi ne tinƙahon mai cewa harshensa ba ya ƙarya, kurɓi ɗaya zai gane jabu. Kwalba ta asali ana iya tsinto ta a bola, a cika ta da sifirit da launi, a liƙe marfi, a karya farashi. Idan sifirit ɗin metanol ne, ba harshe ba hanci da zai raba shi da barasar sha, cinna masa ashana a cokali ma ba gwaji ba ne. Kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da hazo-hazon ido su taso, lokacin da hanta ta riga ta mayar da shi guba. Cokali ɗaya na iya makantarwa. A 2015 metanol a cikin ogogoro ya kashe mutum 18 a Ode-Irele ta jihar Ondo, ya kashe gommai a jihar Ribas. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, balle wiskin da aka ce ta taso daga Sikotland ta sauka Kwatano, ta haura fiye da kilomita 700 zuwa Malanbil, sannan a ce kuɗinta bai kai na can inda aka yi ta ba.

Duk wanda ya sha irin wannan ya fara ganin dishi-dishi, a garzaya da shi asibiti, kuma a gaya wa likita abin da ya sha ba tare da jin kunya ba, domin maganin yana aiki ne idan an fara da wuri. Madara da manja da ake ɗura wa mutum a gida ba sa taɓa metanol.